Allon da na gefe ba ya gani: wa ya taɓa gwadawa?

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya ina cikin jirgin ƙasa na buɗe laftof ina gyara jadawalin albashin ma'aikatanmu, sai mutumin da ke gefena ya ce, "Malam, jimlar layi na huɗu fa ba ta fita daidai ba." Kuma gaskiyarsa, ba ta fita ba. Na yi masa godiya, amma jikina ya yi sanyi, don sunayen mutane da abin da kowa yake ɗauka duk ya karance. Tun ranar nake shawara: in sayi gilashin sirri da ake ɗorawa a kan allo, ko in jira in canza kwamfuta zuwa irin wadda aka gina abin a cikin allonta? Wanda ya yi amfani da ɗaya daga ciki ya ba mu labari.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Mu a teburin karɓar marasa lafiya an sa mana na ɗorawa, yau kusan shekara biyu. Wanda ya jingina da teburin daga gefe baƙi kawai yake gani, wannan kam ba ƙarya. Amma wanda ya tsaya daidai bayan kujerata, duk abin da nake gani shi ma yana gani. Sannan idan likita ya zo mu duba sakamako tare, sai mun haɗa kai kamar masu gulma. Ƙarshe wata abokiyar aikina ta cire nata wata safiya don ta nuna wa wani abu, har yau yana cikin durowa.

Injiniya Ƙarami:
Anti, abin da kika faɗa shi ne asalin lamarin. A cikin gilashin akwai siraran katangu da ido ba ya iya rarrabe su, an jera su a tsaye kusa da kusa. Hasken da ya miƙe gaba yana wucewa ta tsakaninsu, wanda ya karkata sai ya bugi katanga ya mutu. Yawanci digiri 30 ake bar maka ta dama, 30 ta hagu. Gilashin bai san mai kwamfuta ba, kusurwa kawai ya sani, shi ya sa na bayanki yake cin arziki. Kuma tunda ana kashe wani kaso na hasken, dole allo ya yi duhu ko ga mai shi.

Abin dariya, shekaru masu ƙera allo suka yi suna fafutukar faɗaɗa kusurwar kallo har ana tallan wani nau'in allo mai suna IPS da digiri 178, yanzu ga mu muna biya a ƙuntata mana.

Na ciki kuwa dabararsa daban. A allon LCD fitila ce a baya, to sai a tattara haskenta ya miƙe gaba, a sa wani shafi da lantarki ke juyawa: in ana son kowa ya gani ya watsa hasken, in ana son sirri ya bar shi a miƙe. HP ta fito da nata mai suna Sure View a 2016 tare da kamfanin 3M mai ƙera gilashin sirri, maɓallin F2 ake dannawa. Lenovo na da PrivacyGuard a wasu laftof ɗinta na ThinkPad, maɓallan Fn da D ake dannawa. Allon OLED kuwa ba shi da fitilar baya, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, don haka sai a kan ɗigon ake yin aikin. Samsung Display ta nuna irin wannan a baje kolin wayoyi na Basalona a 2024 da sunan Flex Magic Pixel.

Ɗan Tafiya:
Ni na waya na manna. Kwana uku ina jin kaina kamar jami'in leƙen asiri, sai na gane iri biyu ne: mai tare dama da hagu kawai, da mai tare duka ɓangarori huɗu. Nawa na farkon ne. Da na kwantar da wayar a gicciye, na gefena ya ga komai tas. Wanda ke tsaye a kaina a bas shi ma haka. Ga shi mai karanta zanen yatsa da ke ƙarƙashin allo ya fara gardama, sai da na sake yi masa rajista. A rana kuwa sai na ƙure haske, batir ba ya kai yamma. Babbar matsalar ma a gida take: uwargida ta leƙo ta ga baƙi ƙirin, ta ce, "Me ake ɓoye mana?" Sai da na miƙa mata wayar ta juya ta da hannunta.

Anti Nas:
Ai da ni ce ma sai na tambaya, Ɗan Tafiya.

Mai Zane:
Yaya Mai_Lissafi, kafin ka sayi na ciki ka gan shi da idonka. Wurin aiki sun ba ni irinsa. Sauƙin kunnawa da kashewa kam babu kamarsa, a taro danna ɗaya ne. Amma ko a kashe yake, in na ɗan matsa kaina sai gefen allon ya dushe, launi ya canza. Ga mai lissafi wataƙila ba komai, ni da launi ne sana'ata sai da na roƙa aka ba ni wani allo na teburi. Ranakun farko har ciwon kai na yi.

Mai Gadin Bayanai:
Aikina ke nan, bari in sa baki. A 2015 cibiyar bincike ta Ponemon ta yi gwaji a wasu ofisoshi a Amurka: aka tura mutum yana zagayawa yana leƙen allo da takardu, ya samu bayanan sirri a kashi 88 cikin 100 na yunƙurinsa. 3M ce ta ɗauki nauyin gwajin, ita kuma gilashin take sayarwa, sai a auna da wannan. Amma na gwada da kaina a ofishinmu bayan an sa wa kowa, ga abin da na gani: allon da aka ƙure wa haske, musamman a ɗaki mai duhu, ana iya karanta manyan haruffa daga gefe. In ka rage hasken zuwa rabi sai abin ya yi aiki sosai. Na biyu, tagar gilashi da dare. Wani abokin aikinmu ya ba ta baya, na karanta saƙonsa a jikin tagar ba tare da na kalli allonsa ba.

Direban Oga:
A mota ma akwai. Porsche Cayenne ta 2023 tana da allo a gaban fasinja da direba ba ya ganin abin da ke ciki. Can ba don sirri ba ne, don kada hankalin direba ya tafi kallon fim.

Mai_Lissafi:
Na gode ƙwarai. Kwamfutata da sauran ƙarfinta, don haka na ɗorawa zan nema, mai maganaɗisu da ake cirewa a mayar, kada nawa ma ya ƙare a durowa. Injiniya, laftof ɗin yana rufuwa daidai da shi a jiki?

Injiniya Ƙarami:
Ya danganta da siririntar kwamfutar, Yallaɓai. Wasu sukan bar 'yar ƙofa, kwamfutar ta ƙi yin barci, ka ciro ta daga jaka da zafi. Ka auna allon tukuna, kuma ka duba faɗinsa da tsayinsa, ko 16:9 ne ko 16:10, don inci 14 ɗin ba duka ɗaya ba ne.