Yarona ya ture monita saboda rubuta sunan masu yin Hausa, an dakatar da shi, laifin duk nasa ne?

Maman Biyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema don wallahi abin ya tsaya min a rai. Yarona ɗan shekara 8 ne, aji 3, bara muka cire shi daga makarantar unguwa muka kai shi wata ta kuɗi irin wadda da safe Turanci zalla, bayan azahar Larabci zalla, Hausa kuwa da ka shigo get ka ajiye ta a waje. Akwai monita da ɗan littafinsa, duk wanda bakinsa ya suɓuce a rubuta sunansa, naira 50 kowane rubutu, ranar Alhamis a haɗa a karɓa ko a yi bulala. To ranar Litinin ya ce wa na kusa da shi ara min abin fiƙe fensir, monita ya rubuta shi, ya je yana roƙonsa ya goge, wai roƙon ma ai da Hausa ya yi sai ya ƙara masa na biyu, shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya ture yaron ya bugu da bakin benci leɓensa ya fashe. An ba shi sati 2 a gida.

Ni fa ba kare shi nake ba. Babansa ya hukunta shi, mun je har gidan su yaron mun ba da haƙuri, mun biya kuɗin kemis. Abin da ya dame ni babu wanda ya zaunar da shi ya ce me ya faru, takarda kawai aka liƙa masa a jaka. Kuma tun shigarsa makarantar ya canza, yaron da ba ya rufe baki yanzu shiru, sau biyu yana dawowa da wando a jiƙe, da na matsa masa ya ce ya manta yadda ake neman izinin fita da Larabci ne. Ƙanina da ke jihar Minnesota a Amurka ya ce nasa yaran ma wani yare daban ake koya musu komai da shi a makarantar da suke kira cata amma ba a yin haka. Wai ya tsarin nasu yake, kuma ni wa zan kai wa kuka a nan?

Bazazzagen Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, yaron da ya fitar wa ɗan wani jini sati 2 bai yi yawa ba. Mu ma haka aka yi mana, vanakula ake cewa, mun sha bulala kuma ga shi mun iya Turancin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ya ga kina jayayya da malamansa, ranar da ya gane haka kin rasa shi.

Malami a Samaru:
Baba Allah ya ƙara girma, a kan turewar ina tare da kai. Amma Hajiya bari in ɗan yi bayanin abin da ƙaninki yake nufi. Makarantar cata gwamnati ce ke biyan kuɗinta, iyaye ba sa biyan ko sisi, amma masu tafiyar da ita masu zaman kansu ne, sun sa hannu a yarjejeniya ta wasu shekaru da wata hukuma da ke sa musu ido, in wa'adin ya cika a duba sakamakon yara da lissafin kuɗi da yadda ake tafiyar da makarantar, in ba su cika alkawari ba a ƙi sabuntawa, makaranta ta rufe. Minnesota ɗin ce ma ta fara yin dokar a 1991. Wasu cikinsu suna tsunduma yaro cikin baƙon harshe tun daga ajin farko, kamar Yinghua Academy a Minneapolis da aka buɗe a 2006, da Sinanci ake koyar da lissafi da sauran darussa.

Ga inda muka bambanta. Tun da aka fara wannan salon a Saint-Lambert kusa da Montreal a Kanada a 1965, malama ce aka ɗora wa dokar, ita ce ba za ta bar Faransanci ba, yaran kuwa a farko suna amsa mata da Turancinsu na gida ita kuma ta maimaita musu da Faransanci har kunnensu ya saba. Mu sai muka juya abin, muka ɗora nauyin a wuyan yaro muka sa masa tara. Sannan maganar dakatarwa, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1975 a shari'ar Goss da Lopez cewa a makarantar gwamnati ko dakatarwar kwana 10 ce ko ƙasa da haka sai an faɗa wa ɗalibi laifinsa an ji ta bakinsa, kuma a Minnesota dokar jiha ta korar ɗalibai ta hau kan makarantun cata ma. Ba wai su tsarkaka ba ne, an daɗe ana sukar wasu makarantun cata da yawan dakatar da yara har iyayen masu ƙiriniya su gaji su cire su da kansu. Sai dai can akwai wanda makaranta ke tsoron tambayarsa, a nan kuwa mai makaranta shi ne kiɗa shi ne rawa.

Malama Aji Uku, Sabon Gari:
Ni shekara 11 ina riƙe da alli, kuma littafin monita ɗin nan wallahi na tsane shi, ka ɗauki yaro ƙarami ka mai da shi ɗan sanda a kan abokansa, wani har alewa ake ba shi ya goge suna, wani ya rubuta wanda suka yi faɗa jiya a layi, to me muka koya musu? Amma iyaye ku ma da naku. Ku ne kuke zuwa ƙarshen zango kuna cewa ɗan maƙwabta yana zuba Turanci naku bai fara ba, mai makaranta ya ji tsoron kar ku cire, ya sauke a kanmu, mu kuma da yara sama da 40 a aji sai mu nemi hanya mafi sauƙi. Alhali a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta zo da cewa a fara firamare da harshen uwa ko na yankin.

Hajiya ki je ke da babansa, da ladabi kamar yadda Baba ya ce, ba a gaban yaron ba. Ki nemi hedimasta ya nuna miki dokokin a rubuce, ina aka ce sati 2, ina kuɗin tarar ke shiga, akwai rasit? Ki roƙa a zaunar da yaran biyu a ji kowa da Hausa, don yaro ba zai iya kare kansa da yaren da ko fitsari bai iya nema da shi ba. In sun ƙi ki kai taron iyaye da malamai, in nan ma shiru akwai hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta Jihar Kaduna. Kuma a rubuta masa jimlar neman izinin a bayan littafinsa yau ɗin nan.

Maman Biyu, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji maganarka, sati 2 ɗin zai cika su ba zan nemi ragi ba. Malama gaskiya kin taɓo ni, ni ma na taɓa yi wa malamarsu wannan ƙorafin na Turanci. Mun je da safen nan, hedimasta ya karɓe mu da mutunci amma dokar a rubuce babu, rasit ma babu, ya ce a ba shi zuwa Laraba zai yi magana da mai makarantar kuma ya yarda a zaunar da yaran. Na kira iyaye uku na ajinsu, biyu sun ce nasu ma suna ɓoye kuɗin biyan tarar daga kuɗin abincinsu na makaranta, za mu je tare ranar Larabar in sha Allah.