Neman kalma: me za mu kira "toolpath" da Hausa? Ina so kafin Juma'a

Mai Koyar da Yara: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar ina da aji, yara 12, za mu yanka haƙarƙarin fiffiken ƙaramin jirgin sama da 'yar na'urar CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ƙirar 3018. Takardar darasi dole ta isa wurin mai bugawa ranar Juma'a kafin masallaci, ni kuma na tsaya cak a kan kalmar toolpath, wato inda haƙorin yanka na injin ke bi.

Ga abin da ya sa kalmar ta tsaya mini a rai. Makon jiya na yanka haƙarƙari 14 a katakon balsa, duk suka fito a rame. Gurbin da na zana milimita 3 don sandar fiffike ta zauna daram, sai ya fito 4.5, sanda tana lilo a ciki. Na zargi injin, na kwana ina auna saitin tafiyar injin, $100 da $101, a GRBL, manhajar da ke tuƙa shi, duk lafiya lau. Ashe haƙorin yanka mai kaurin 1.5 na bari yana bin tsakiyar layin zane, yana cinye 0.75 ta kowane gefe. Laifina ne. To ina so yaran nan su gane tun ranar farko cewa zane daban, inda tsakiyar haƙori ke bi daban. In ba ni da suna biyu, ba zan iya raba musu abu biyu ba.

Kafinta: Wa alaikumus salam. Hanyar yanka. Ai ba sai an yi dogon nazari ba.

Malamar Hausa: Kafinta, rubuta "hanyar yanka" a allo ka ga ko yaro bai ɗauka darasin layya za a yi ba. Hanya tana nufin dabara ma, ga hanyar dafa abinci, ga hanyar neman kuɗi. Turba ta fi tsayawa a kan abin da ake bi. Turbar haƙori.

Ɗalibi: Tun da muna da mashiga da mafita, me zai hana mu bi wannan tsarin, mu ce mayanka?

Malamar Hausa: Ƙanena, mahauta sun riga ka.

Ɗan Panteka: Mu a shago layi kawai muke cewa, "ya bar layi", "ya ci layi". Amma Malam, ka saka wa yaran wannan: GRBL ba ta karɓar G41 da G42, umarnin da manyan injuna ke kauce wa layi da shi da kansu. Don haka tun a kwamfuta za ka zaɓi waje ko ciki. Jikin haƙarƙari a bi ta waje, ramukan rage nauyi a bi ta ciki. Kuma a duba saman fayil, G21 ne (milimita) ko G20 (inci). Wani yaron shagonmu ya aika aikin milimita, injin ya karanta inci, komai ya ninka sau 25.4, sai da ya buga ƙarshe yana gurnani.

Baba Mai Kishin Harshe: Duk kun yi nisa, kalmar tana gida. BURTALI. Wanda ya tashi a ƙauye ya san shi: hanyar shanu tsakanin gonaki, shinge dama, shinge hagu, tun kafin damina an shata ta. Saniya ta kauce, ta ci amfanin gona, a tafi gaban mai gari. Haƙorinka ya kauce, ya ci maka haƙarƙari. Ina bambanci? Kalmar da kakanninmu suka bar mana, mu tsallake ta mu ɗauki "layi", wanda kowa ya san daga bakin Bature ya faɗo?

Kafinta: Baba, da girmanka, yaran birni nawa ne suka taɓa ganin burtali?

Baba Mai Kishin Harshe: Jirgin sama nawa suka taɓa ƙerawa? Ai koyo suka zo yi. Su koyi biyun. Ni abin da ke ba ni takaici ma, takardar da za a ce ta Hausa ce, ga CNC, ga GRBL, ga balsa, ga fayil. Ina Hausar? Haka muka yi sake har 'ya'yanmu ba su iya ƙirga kuɗi da harshensu ba. A ce na'ura mai sassaƙa da umarni, a ce katako mara nauyi.

Tsohon Mai Fassara: Ranka ya daɗe, na'urar da ka kawo ɗin ma aro ce, daga Larabci, can kuwa sunan abin ɗebo ruwa ne mai juyawa. Umarni ma haka. Balsa kuma sunan itace ne, akasarinsa daga Ekwado ake kawo shi, ba ya tsiro a Dawanau balle mu raɗa masa suna. Katako mara nauyi ai har rimi ya shiga.

Baba Mai Kishin Harshe: Aron Larabci ya shekara ɗaruruwa a gidanmu, ya zama ɗan gida. Na Turanci baƙo ne.

Tsohon Mai Fassara: Mota da asibiti har yanzu suna zaure ke nan?

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in sa baki. In kuka ce a Hausantar da shi ya zama "tulfas" ko wani abu haka, mu nan ba mu san inda kuka dosa ba, da Faransanci muka yi karatu, parcours d'outil aka koya mana. Kullum haka ake yi, a zauna a Kano a yanke, mu sai dai mu ji a rediyo. Turba kuwa da burtali duk mun san su.

Ɗalibi: To ai Hausar Kano ce daidaitacciya.

Ɗan Maraɗi: Daidaitacciyar rubutu. Ba ta hana wani sanin kalma ba.

Baba Mai Kishin Harshe: Kun ji ko? Har Maraɗi an san burtali.

Ɗan Maraɗi: Na ce da turba, Baba.

Mai Koyar da Yara: Jama'a don Allah, yau Laraba.

Malamar Hausa: To mu gwada su a jimlar da Malam zai faɗa da bakinsa. "Matsar da turbar haƙori waje da rabin kaurinsa." Ta zauna. "Matsar da burtali waje da rabin kaurin haƙori." Nan na ji tuntuɓe, domin burtali yana da faɗi, garke guda ke bi ta cikinsa. Abin da Malam ke nufi kuwa siririn layi ne mara kauri, tsakiyar haƙori kaɗai. Na yi tunanin sawu ma, amma sawu sai an wuce ake ganinsa, wannan kuwa ana duba shi a kwamfuta tun injin bai motsa ba. Amfaninsa ke nan, ka kama kuskure kafin katako ya tafi.

Sai dai Baba bai faɗi banza ba. Wannan kwarin da haƙori ke bari, mai faɗin 1.5, wanda ya cinye wa Malam haƙarƙari, shi ma ba shi da suna. Shi ne mai shinge biyu. A ba shi burtali.

Baba Mai Kishin Harshe: Wato a ba ni ƙashi, ku ci tsoka.

Ɗan Panteka: Ni dai ta yi mini. "Burtalinka milimita 1.5 ne, kar ka jera guntaye kusa da juna fiye da haka." Yaro zai gane. Saura biyu Malam, tun da an taru. Na farko 'yan wuraren da ake bari ba a yanke ba, don kada guntu ya saki a zagayen ƙarshe haƙori ya yi jifa da shi. Balsa ba nauyi, ko iskar injin tana ɗaga shi.

Kafinta: Gada. 'Yan gadoji. A ƙarshe a yanke su da reza.

Malamar Hausa: Ba gardama.

Ɗan Panteka: Na biyu, haƙori zagayayye ne, ba ya iya fitar da kusurwar ciki tsaf, sai sanda mai kusurwa huɗu ta ƙi kaiwa ƙasan gurbi. Shi ya sa ake ɗan huda kowace kusurwa. Turawa suna ce masa dogbone.

Ɗalibi: Ƙashin kare?

Baba Mai Kishin Harshe: A'uzubillahi. A takardar yara?

Kafinta: Ni a balsa ba na ma wahalar da kaina, ɗan magagari nake sa wa kusurwar, minti ɗaya an gama. A filawud ne yake da amfani.

Mai Koyar da Yara: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: zane, turbar haƙori, burtali ga faɗin abin da aka ci, 'yan gadoji. Na kusurwa na sa "hudar kusurwa" da hoto a gefe, in an samu wadda ta fi ta sai a gyara a bugu na biyu. CNC da GRBL na bar su yadda suke, don abin da yaran za su gani a jikin injin da kwamfuta ke nan. Na sake yanka haƙarƙari guda ɗazu, turba ta waje, gurbi ya fito 3.1.

Baba Mai Kishin Harshe: Ban yarda ba, amma takardarka ce. In na zo ajin ranar Asabar, burtali zan ce wa duka biyun.

Ɗan Maraɗi: Malam, in an buga a turo mana. Kuma wannan 0.1 ɗin, ka duba ko haƙorin yana rawa a mariƙinsa.