Mai aiki ya ƙi daina neman gyara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana wa kamfanoni tambari, kuma wani da ya ba ni aiki yana ta dawo mini da neman gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Yaya zan dakatar da shi ba mu ɓata ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Nan gaba ki rubuta adadin gyaran da farashinki ya ƙunsa tun kafin ki fara, kamar yadda ake yi a Fiverr, shafin intanet da masu sana'a ke samun aiki, kuma ki karɓi kafin alƙalami.

Amsa: Malama, gyaran kuskurenki wajibinki ne, amma idan ra'ayinsa ne ya sauya, wannan sabon aiki ne da ke buƙatar sabon ciniki.

Amsa: Ki roƙe shi cikin ladabi ya tattara sauran gyare-gyarensa a saƙo ɗaya.