Baƙi a fata, baƙi a gari: musayar baiti kan zaɓen Amurka na 2024

Baba Mai Tasi, Bronx:

Salamu alaikum jama'a. Wlh tun asuba rediyon mota ba zancen da ake sai wai baƙaƙen maza za su gudu su bi Trump, na sauke fasinja a Fordham na faka gefe na rubuta wannan don abin ya tsaya min a wuya. Amsa-amon "ba" ne, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Sarkin da bai taɓa yin barci ba.

Kakar zaɓe ta zo Amurka,
Yanzu ba a manta da baƙar fata ba.

'Yan jarida sun cika shagon aski,
Bara warhaka ba su san hanya ba.

Da kyamara da makirfo a hannu,
Tambayar ɗaya ce, ba ta canja ba.

Wai samarin baƙaƙe wa za su bi,
Harris ko Trump, ba su yanke ba?

Ba wanda ya tambayi kuɗin haya,
Da ke hawa bai taɓa sauka ba.

Ba wanda ya leƙa ɗakin tsohuwa,
Mai gutsura magani don bai isa ba.

Ran 5 ga Nuwamba a jefa ƙuri'a,
Ran 6 ko ƙeyarsu ba za ka gani ba.

Ɗan Fagge, Atlanta:

Baba sannu da aiki, Allah ya tsare hanya. Ni fa duk Asabar a shagon askin nake zama, kuma samarin nan da ake ta zagi a talabijin na san su, wani direban babbar mota ne wani yana aikin sito dare da rana, ba jahilai bane kuma ba ƙin mace suke ba, gajiya ce kawai ta kama su. Ga tawa, na riƙe amsa-amonka.

Baba na ji ka, ka faɗi daidai,
Sai dai ba ka kai ƙarshen zance ba.

Shekara 60 ana bin jaki,
Jakin bai kai kowa gida ba.

A 2020 baƙaƙe tara cikin goma
Suka bi Biden, ba su ja baya ba.

Jojiya ta faɗo da 11,779,
Ba don Atlanta ba da ba ta faɗo ba.

Dokar George Floyd ta gyaran 'yan sanda,
Wurin dattawa ba ta tsallake ba.

Dokar John Lewis ta kare zaɓe,
Ita ma ba ta ga hasken rana ba.

Sai ga Obama a Pittsburgh da faɗa,
Wai mazan ba sa son mace a gaba.

In ka yi kukan farashin ƙwai da mai,
A ce maka ba ka san tarihi ba.

Jakin nan alamar jam'iyyar Democrat nake nufi ga wanda bai sani ba, su Republican giwa ce tasu. Kuma kar a manta shi kansa Biden a 2020 ya ce wa Charlamagne mai shirin rediyo duk wanda ya kasa zaɓa tsakaninsa da Trump to ba baƙi bane, daga baya ya ce bai kyauta ba, amma maganar ta riga ta fita kuma har yau ana tuna ta a shagon.

Inna 'Yar Damagaram, Greensboro:

Ƙanena ɗan Fagge na karanta taka sau biyu a wurin aiki. Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma wadda nake dubawa yanzu baƙar Ba'amurkiya ce ta haura 85, ita ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ta je rajistar zaɓe aka miƙo mata tsarin mulki aka ce ta karanta ta yi bayani, ta yi, aka ce ba ta ci ba, ta koma gida a ƙafa. Tun ranar na daina ganin katin zaɓena kamar takarda. Na canja amsa-amo zuwa "wa", a yi min afuwa.

Ƙanena fushinka da gaskiyarsa,
Amma fushi ba ya hana tunawa.

Garin da nake, nan Greensboro,
A 1960 aka yi somawa.

Ɗalibai huɗu ran 1 ga Fabrairu,
Kantin Woolworth suka je zaunawa.

Kofi suka nema a kujerar farare,
Aka hana su, suka ƙi ficewa.

Selma, 1965, a kan gada,
Kan John Lewis jini ke zubowa.

Fannie Lou Hamer 'yar gonar auduga,
Don ƙuri'a ta sha kamu da ɗaurewa.

A kurkukun Winona suka dake ta,
Ƙodarta har ta rasu ba warkewa.

Shekarar da aka sa hannu a dokar zaɓe,
Ƙofar shigowa ma ta yi buɗewa.

Ta nan ni da kai muka shigo ƙasar,
Da jakarmu, ba wanda ya yi korewa.

Mu baƙi ne a fata, baƙi a gari,
Su 'yan gida ne, mu masu zuwa.

Wanda ya tarar da rijiya a haƙe,
Ba ya raina hannun mai haƙawa.

A 2013 kotun ƙoli ta zare haƙorin
Dokar nan, jihohi suka hau canzawa.

In da ƙuri'ar baƙi ba ta da nauyi,
Me ya sa ake ta ƙoƙarin ragewa?

Malam daga Tudun Wadan Zariya:

Masha Allah Hajiya, baitin rijiya ya shiga jikina. Mu nan gida a rediyo muke bin abin da safe da yamma, akwai wurin da ya ɗaure min kai, ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwa na can.

Ni ɗalibi ne a wannan fage,
Na zo da tambaya don ganewa.

Mun ji an ce Harris ba baƙa ba ce,
Wa ke da ma'aunin tantancewa?

A nan in uba Bahaushe ne shikenan,
Can kuma da me ake rarrabewa?

Ɗalibar Jarida, Shikago:

Malam barka da war haka, tambayarka a kan gaɓa take. A Amurka tun zamanin bauta da dokokin wariya, ɗigon jinin baƙi ɗaya ya isa a sa ka a layin baƙaƙe, da wannan ma'aunin aka hana mutane makaranta da kujerar bas da ƙuri'a, shi yasa ya yi ciwo da aka wayi gari ana cewa wata ba ta cika baƙa ba don ta nemi babbar kujera. Zan amsa da "ya".

Malam ga amsa daga Shikago,
A nan aka yi shi, babu tatsuniya.

31 ga Yuli, taron 'yan jarida
Baƙaƙe, a gaban idon duniya.

Trump ya ce da can 'yar Indiya ce,
Kwatsam ta koma baƙa rana ɗaya.

Ubanta baƙi ne ɗan Jamaika,
Uwarta masaniya ce daga Indiya.

A Howard ta baƙaƙe ta yi digiri,
Bas ɗin haɗa launi ta hau tana yarinya.

Sai tashoshi suka cafke zancen,
Kwana da kwanaki ana hayaniya.

Baƙar mace na rasuwa wurin haihuwa
Kusan ninki uku na Baturiya.

Wannan bai sami rabin lokacin ba,
Don ba ya jawo talla da dukiya.

Satumba a muhawara aka ce 'yan Haiti
Suna cin kyanwa, suna cin karya.

Hukumar Springfield ta fito ta faɗa,
Babu shaida, zancen duk ƙarya.

Amma makarantu sun rufe don barazanar bam,
Iyaye na tsoron sa yara a hanya.

Ba sabon salo ba ne, a 1988
Fuskar fursuna baƙi Willie Horton a tallan kamfe ta cika akwatin kallo gaba ɗaya.

Kuma don Allah kar a ce duk 'yan jarida ɗaya ne, ni abin da ya sa na shiga karatun nan ma kenan. Ida B. Wells a Memphis ta riƙa ƙirga mutanen da ake ratayewa ba shari'a tana bugawa, a 1892 aka farfasa mata ofishin jarida dole ta bar garin. Chicago Defender tun 1905 take, ma'aikatan jirgin ƙasa baƙaƙe su suka riƙa ɗaukarta a ɓoye zuwa kudu. A 1955 mahaifiyar Emmett Till ta ce a bar akwatin gawar ɗanta a buɗe, mujallar Jet ta buga hoton, ɗan shekara 14 ne aka kashe a Mississippi. Da baƙaƙe sun jira manyan jaridu su ba da labarinsu da har yanzu ana jira. Abin da ke ban tsoro yau jaridun unguwa suna ta mutuwa, saurayi yana samun labarinsa daga guntun bidiyo na TikTok da bai san wa ya biya aka yi ba.

Ɗan Fagge, Atlanta:

Inna na ji, wlh ban raina rijiya ba kuma ban raina mai haƙa ba. Ƙanwata ta Shikago ke ma na gode. Amma a bar ni in ƙarasa don kar a ɗauka giwa nake wa kamfe.

Inna ban ce zan bi giwa ba,
Na san abin da giwa ta taka.

A 2017 Chadi ta shiga jerin hanin shigowa Amurka,
A 2020 Nijeriya ta bi sahu haka.

Abin da nake cewa a ji shi,
Ƙuri'a bashi ce, ba sadaka.

Gidan farare a matsakaicin lissafi
Ya ninka na baƙi shida a abin mallaka.

Dokar laifuka ta 1994,
Biden na cikin masu saƙa.

Uba nawa ya tsufa a kurkuku,
Ɗa ya girma bai san muryar baba a ɗaka?

Ga Gaza kullum a wayata,
Ina sallah zuciya na kuka.

In na yi tambaya kar a ce min maci amana,
Mai tambaya shi ke son gidan ya ɗaukaka.

Baba Mai Tasi, Bronx:

Yaro ka yi magana, kuma ba wanda zai ce maka maci amana a gabana. Zauna in ba ka abin da na gani da idona, don lokacin kana goye. Ina garin nan a 1999. Na koma "ba" ɗina.

Amadou Diallo ɗan Gini ne,
Talla yake, bai ɗau makami ba.

Ran 4 ga Fabrairu a ƙofar gidansa,
Nan Soundview, ba wani nesa ba.

Harsashi 41 'yan sanda huɗu suka saki,
19 ba su kuskure shi ba.

Walat ya ciro daga aljihu,
Ba su tsaya sun duba ba.

Harsashin bai ce kai ɗan ina ne,
Bafulatani ko jikan bayi, bai tambaya ba.

Wa ya fito titi saboda shi?
Baƙaƙen Amurka, ba su san shi ba.

Fastoci da tsofaffi aka sa wa ankwa,
Ba su ce ai Musulmi ne baƙo ba.

A 2000 kotu ta sallami huɗun,
Uwarsa ba ta daina magana ba.

Sannan yara biyar na Central Park,
A 1989 aka zarge su da fyaɗe, ba su aikata ba.

Trump ya sayi shafin jaridu,
A dawo da hukuncin kisa, bai jira shari'a ba.

A 2002 aka wanke su sarai,
Shekarun da suka tafi ba su dawo ba.

Yusef Salaam na cikin biyar ɗin,
Yau kansilan Harlem ne, bai karaya ba.

Da ƙuri'ar unguwa ya hau kujerar,
Ba da hirar talabijin ba.

Shi yasa nake ce wa yaranmu masu raina baƙaƙen nan suna kiransu malalata, ku ji tsoron Allah, ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai da dare ba ya ganin fasfo. Ɗan Fagge in saman takardar ƙuri'a, wurin shugaban ƙasa, ya ƙona maka rai, ka duba ƙasanta, akwai mai gabatar da ƙara na gunduma da sherif da 'yan majalisar jiha, su ne ke yanke wa za a kama wa za a saka, kuma kyamara ba ta zuwa wurinsu.

Ɗan Fagge, Atlanta:

Baba jikina ya yi sanyi da labarin Diallo, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ban yanke na sama ba har yanzu, gaskiya kenan, amma na ƙasan zan zauna in karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Zan je, Baba, ba don kyamara ba,
Zan je da fushina a aljihu.

Juma'a in an sauko masallaci,
Zan bi layi ko da rana ta yi ihu.

In sun ci kuma su manta da mu,
Zan buga ƙofarsu, ba zan ba su hutu ba ko na numfashi, balle sahu.

Inna 'Yar Damagaram, Greensboro:

Amin ya Allah. Baitinka na ƙarshe ya fi layi tsawo ƙanena amma na bar maka shi haka, fushin ne ya ja shi. Ni Asabar zan kai tsohuwata zaɓen wuri, tun jiya ta sa na goge mata farar rigarta ta coci da hula, ta ce a keken guragu za ta shiga da kanta, ba ta son a kawo mata takarda mota.

Asabar da hantsi zan tura kekenta,
Hoton mahaifiyarta tana riƙewa.

Kai kuma Jojiya tun dokar 2021
Ba a ba mai layi ruwa kusa da wurin jefawa.

Ka cika gorarka tun daga gida,
Ka ɗau katin shaida kafin fitowa.