Wai zanen karnuka da Bush yake yi alamar nadama ce?

Maman Hanif: Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da nake so mu ɗan taɓa, na san za ku yi min ca amma ku bari in kai aya. George Bush ƙarami wanda ya mulki Amurka daga 2001 zuwa 2009, ashe bayan ya sauka zane ya koma yi, a 2012 ya fara yana da shekara 66, ya samo malama a Dallas tana koya masa, kuma karnuka na cikin abin da ya fara zanawa. Da karensa Barney ya mutu a farkon 2013 da hannunsa ya zana shi ya sa lamba 43 a ƙasa tunda shi ne shugaba na 43. A 2017 kuma ya fitar da littafi da fuskokin sojoji 98 da suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa, wasu ba ƙafa wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ni dai a ganina mutumin nan nadama ce take cinsa, baki ya kasa faɗa shi ne hannu yake faɗa. Kukan kurciya jawabi ne.

Abba Ƙarami: Anti Bush fa?? Bush na Iraƙi? wlh na zata wani tsoho za ki ce mai sayar da hotuna a bakin titi

Ɗan Maraɗi: Hajiya ina wuni. Ki yi haƙuri amma wagga magana ba ta shiga kaina. Mu a Nijar ba labari munka ji ba, da sunan ƙasarmu anka yi ƙaryar. Cewa anka yi Sadam shina neman yuraniyam wajenmu, har da takardu na bogi, ɗaya an sa mata hannun ministan harkokin waje da ya bar kujera tun 1989 alhali takardar ta 2000 ce. Amurkawan da kansu sun aiko tsohon jakadansu Joseph Wilson Yamai a 2002 ya bincika ya koma ya ce musu babu wannan cinikin. Duk da haka a Janairun 2003 Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce Ingila ta gano Sadam na neman yuraniyam daga Afirka. Watan Maris Elbaradei na hukumar nukiliya ya ce takardun jabu ne, cikin watan nan dai sunka afka ma Bagadaza. To yanzu don ya zana kare sai mu ce me?

Maman Hanif: Malam ban ce bai yi laifi ba fa, cewa na yi yana jin abin a ransa. Kun san yana da shekara 7 ƙanwarsa Robin ta rasu? 1953 ne, sankarar jini, shekararta 3. Iyayen ba su gaya masa ciwon ba na tashi ba ne, sai gani ya yi motarsu ta tsaya a makarantarsu a Midland, ya sheƙa da gudu yana zaton ya hango kan yarinyar a kujerar baya, ashe ba ta ciki. Uwar da bakinta ta ba da labari wai ta ji shi yana ce wa abokinsa ba zai fito wasa ba zai zauna da mamansa saboda tana cikin kaɗaici. Yaron da ya taso a haka ya san zafin rashi. Sannan 2018 uwa ta tafi a Afrilu uba ya bi ta a Nuwamba, wajen jana'izar uban yana cewa yanzu baba ya rungume Robin sai kuka ya ƙwace masa a gaban duniya, shekara 65 da mutuwar yarinyar fa

Kawu Sule: Maman Hanif 'yata, Allah ya jiƙan musulmi. Kowa ya san zafin nasa rashin, ba wannan ake tambaya ba. Yaran da aka rusa wa gida a Falluja ta Iraƙi su ma suna da ƙanne. Mutum ya yi kukan ƙanwarsa shekara 65, madalla, amma wannan bai gaya min komai ba game da ƙanwar wani.

Sista Bilki: Kawu da girmanka zan ɗan sa baki. Ni ba na bayan kowa amma abin da idona ya gani zan faɗa. Na fara aikin jinya lokacin da in aka ce mutum na da ƙanjamau to sai dai a fara haɗa kuɗin likkafani, maganin ya fi ƙarfin talaka, mata suna zuwa awo muna ganin sakamako mu rasa ta inda za mu fara gaya musu. Shirin PEPFAR ne ya kawo maganin kyauta kuma Bush ne ya kafa shi, dala biliyan 15 a shekara 5 na farko, Najeriya tana cikin ƙasashe 15 da aka fi mayar da hankali a kansu. Akwai wadda aka kawo mana a kan tabarma ba ta iya ɗaga kofi, yau tana sayar da atamfa tana aurar da 'ya'ya. Kuma Ɗan Maraɗi abin da zai ba ka mamaki, a wannan jawabin dai na Janairun 2003 da ya yi maganar yuraniyam, a cikinsa ya sanar da shirin. Dare ɗaya baki ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Sista na yarda da wannan, Allah shi saka ma duk wanda ya yi alheri. Amma ai kin taimake ni ne ba ki sani ba. Mutum guda na iya rabon magani da hannun dama shi jefa bam da na hagu kuma shi yi barci lafiya lau. Ashe tausayi ba hujja ba ne kenan.

Abba Ƙarami: ni abin da ya fi ba ni dariya yadda aka san yana zanen ma. wani ɗan kutse ne daga Romaniya mai kiran kansa Guccifer ya fasa imel ɗin 'yan gidansu a 2013 ya watso hotunan, ciki har da wanda ya zana kansa yana wanka 😂 ɗaya yana tsaye a shawa ya juya baya, ɗayan ƙafafuwansa kawai a cikin baho famfo na zuba. mutane suka yi ta cewa zunubi yake wankewa

Ɗan Fenti: Toh an zo fannina, ku matsa. Ni tifa da allon shago nake zanawa, zaki da damisa da dawisu ba irin wanda ban sa a bayan mota ba, don haka bari in gaya muku abin da na sani. Na farko baƙin kare ya fi komai wuya, Barney kuma baƙi ne wuluk mai gashi buzu-buzu. In ka ɗebo baƙin fenti daga gwangwani ka shafa to rami ka yi ba kare ba, dole ka sirka da shuɗi da ɗan fari a inda haske ya sauka, ka bar wurin ido da danshin hanci sai ƙarshe. Sai ka daɗe kana kallon abu kafin hannunka ya bi, wannan Hajiya ta yi gaskiya, ba a zana fuska a guje. In ka zauna kana fitar da tabon da ke goshin mutum da ƙaramin burushi dole tabon ya zauna maka a kai ko ba ka so.

Amma na biyu, wanda kuma shi ne bai yi wa Hajiya daɗi ba, mai zane shi yake zaɓar abin da zai kalla. Ni kwastoma ke zaɓa min, shi ba mai zaɓa masa, ba ya neman kuɗin cefane. Ya zana karnuka, ya zana shugabannin duniya a 2014 har da Putin da Tony Blair, ya zana sojojinsa, a 2021 ya zana baƙin haure da 'yan ci-rani 43 da suka koma Amurka da zama. Duk wanda ke cikin layin nan ko nasa ne ko ƙasarsa ya zo. Ina littafin matan Bagadaza da aka kashe wa maza? Hoton wankan ma ku duba da kyau, bayansa ya ba mu, fuskar tana can cikin wani ɗan mitsitsin madubi na aski.

Maman Hanif: Haba Ɗan Fenti, sojojin nan fa shi ya tura su, kusan 4,500 ba su dawo daga Iraƙi da rai ba. Wane shugaba ka taɓa gani ya sauka ya zauna yana kallon fuskar waɗanda umarninsa ya nakasa ɗaya bayan ɗaya? Yawanci ko sunansu ba sa so su ji. Yana hawan keke da su yana buga golf da su, kuɗin littafin ma cibiyarsa mai kula da tsofaffin sojoji ya tafi. Ko ba komai ya fi wanda ya shige gida ya rufe ƙofa.

Kawu Sule: Kin ƙirga 4,500, to na ɗaya ɓangaren ko a ƙiyasi mafi ƙanƙanta farar hula sun haura 100,000. Kuma tunda kare ake magana bari in tuna muku wani kare. Hotunan gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi da suka fito a 2004, mutum a tsugune an ɗaure masa hannu ta baya, soja ya riƙe baƙin kare a daidai fuskarsa yana haushi. A lokacin nan a Fadar White House ana ɗaukar Barney bidiyo duk Kirsimeti ana sawa a intanet yara na kallo. Gwamnati ɗaya ce. Masu riƙe karnukan guda 2 kotun soja ta kama da laifi a 2006, ƙananan sojoji, manyan da suka buɗe ƙofar azabtarwa ba wanda ya kwana a ɗaure.

Sista Bilki: A kan Abu Ghraib dai ya ba da haƙuri Kawu, a Mayun 2004 da Sarki Abdallah na Jodan ya je wurinsa

Kawu Sule: Ya ba da haƙuri kan abin da wasu suka aikata. Kan yaƙin kansa fa? Abin da ya ce a ƙarshen 2008 shi ne babban abin da ya dame shi bayanan leƙen asirin da suka zama ba daidai ba, wato laifin masu kawo rahoto. Ya ci gaba da cewa cire Sadam daidai ne.

Abba Ƙarami: Ustaz kana nan kuwa? ka yi shiru. ga kare ga hoto an haɗa maka biyu a wuri ɗaya

Ustaz: Ina nan Abba ina karantawa. Eh hadisi ya zo cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto, kuma malamai sun yi bayani mai tsawo kan wane irin hoto, an kuma yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Amma kar wannan ya sa a ɗauka addini ya ce a tsani dabbar. Akwai hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya riƙo da baki ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. A mazhabar Malikiyya da muke bi ma kare mai rai ba najasa ba ne. Yaran unguwa da ke jifan kwikwiyo da dutse ba sunna suke rayawa ba. Don haka son da bawan Allahn nan yake wa karensa ba abin dariya ba ne, hali ne mai kyau. Sai dai Hajiya kalmar da kika ɗauko tana da nauyi. Tuba in haƙƙin mutane ne tana da sharaɗi, ka yarda ka yi, ka nemi masu haƙƙi, ka mayar da abin da zai mayu. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani, mu zahiri muke gani, a zahirin kuma ban ga ya je wurin masu haƙƙin ba.

Maman Hanif: Ustaz nadama na ce ban ce tuba ba. Kuma ga hujjata ta ƙarshe. Mayun 2022 a Dallas yana jawabi yana sukar Putin, sai ya ce mutum ɗaya ya yanke shawarar kai mamaya ta zalunci marar hujja a kan Iraƙi, sai ya yi sauri ya ce Yukren yake nufi, sannan ƙasa-ƙasa ya ce Iraƙin ma. Abin da ke cikin zuciya ne ya suɓuce, shekara 19 abin bai bar shi ba.

Ɗan Maraɗi: Hajiya na kalli bidiyon nan. Ki ƙarasa shi mana. Ya ce shekarunsa 75 ne, wato tsufa, mutanen zauren sunka fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ci gaba da karatunsa. Ɗan jaridar nan Muntazar al-Zaidi da ya jefe shi da takalmi a Bagadaza a Disambar 2008, yana cewa na zawarawa da marayu ne, wata 9 ya yi a kurkuku. Shi da ya jawo zawarcin ya koma Texas ya sayi fenti.

Ɗan Fenti: Fentin ma mai tsada, na mai, ba irin namu da ake sirkawa da fetur ba

Maman Hanif: Ku dai ba za ku sauko ba. Ni har yanzu ina kan bakana cewa abin yana damunsa, in ba haka ba me zai sa tsoho mai kuɗi ya zauna zanen tabon mutane maimakon furanni

Kawu Sule: Furannin ma yana zanawa 'yata, da tsuntsaye.