Motata ba ta tashi da asuba tun shigowar sanyin nan, a taimaka da shawara

Baban Yara Gyallesu:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema wallahi abin ya fara isata. Corolla ce 2005, a hannun yayan matata na saye ta lokacin da aka mayar da shi Kaduna da aiki, kuma har yanzu akwai ragowar kuɗinsa a kaina shi ya sa ba na son in kira shi in ce motar tana ba ni matsala kar ya ɗauka hanyar neman ragi nake, kun dai san sha'anin surukuta. To tun da hunturun nan ya kankama in na fito da sassafe zan sauke yara a makaranta in wuce aiki Samaru sai ta ƙi tashi, amma da rana ta buɗe wajen ƙarfe goma bugu ɗaya ta tashi kamar ba ita ba. Yau ma a keke yara suka tafi, oga a ofis ya fara min wani irin kallo. Me ke damunta?

Ɗan Kwangila:
Wa alaikumus salam. Malam ka ba mu labarin suruki amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. In ka murɗa makulli me kake ji? Ƙas ƙas take yi, ko injin na juyawa da ƙyar, ko yana juyawa lafiya amma ba ta kamawa? Kowanne da inda ake dubawa.

Oga Rewaya:
Batir ne, ba sai an wahalar da shi da tambaya ba. Duk Disamba da Janairu irin motocin da ke cika mana gareji ke nan. Sanyi yana rage wa batir ƙarfi, a daidai lokacin kuma kik ya fi buƙatar wuta don injin ya kwana a sanyi, batirin da dama ya gaji sai ya tona kansa. Ka sa a ɗora masa mita da safe kafin a taɓa makulli, lafiyayye volt 12.6 (ma'aunin ƙarfin wuta) zai nuna, in ka ga 12.2 rabi ya rage. Ana bugawa kar ya faɗi ƙasa da 10. In ta tashi a sake aunawa, 13.8 zuwa 14.4 ake so, in bai kai ba altaneta ba ta caji.

Baban Yara Gyallesu:
Oga na gode amma ba na jin batir ne gaskiya, bara na saka shi, ɗan Beljiyam ne mai kyau, bakanikena da kansa ya zaɓo kuma mutumin nan ba ya cuta ta. Tana juyawa dai a hankali gurr gurr, wutar dashbod tana dushewa.

Oga Rewaya:
To ai ka gama faɗa da bakinka. Ɗan Beljiyam wani ya ci rabin ransa kafin ya zo hannunka.

Hajiya ta Hanwa:
Hmm ku dai bar maganar masu batir ɗin nan. Sabo fil na saya a Sabon Gari da takardar garanti, bai daɗe ba ya mutu, na mayar mutumin ya ce wai direbana ne ke kwana da rediyo a kunne, har yau ina ajiye da rasit ɗin. Allah ya isa kawai.

Malam na Kongo:
Kafin ka kashe kuɗi buɗe bonet ka duba kan batir. In ka ga wani farin gari ko kore ya taru, ko ka murɗa kan da hannu ya motsa, to wutar ba ta wucewa yadda ya kamata. Cire na baƙar waya tukuna, ka wanke da ruwan zafi ka goge da sanfefa ka ɗaure tamau, ka bi wayar da ta tafi jikin bodi ita ma. Sannan wane baƙin mai kake zubawa? Injin nan 5W-30 aka rubuta masa, 20W-50 yana kauri da sanyi.

Baban Yara Gyallesu:
20W-50 ne, shi mai motar yake zuba mata tun da can kuma ba ta taɓa ƙorafi ba, bakanike ya ce tsohon inji mai kauri yake so.

Oga Rewaya:
Malam bar zancen mai, sanyin Zariya bai kai ya hana mota mai batirin kirki tashi ba. A auna batir.

Ɗan Kwangila:
Ni tawa haka ta yi, na sayi sabon batir a banza, ashe burushin kik ne ya cinye. Kafin nan ka riƙa ajiye ta a gangare, yara su ɗan tura ka sa giya ta biyu.

Baban Yara Gyallesu:
Otomatik ce fa.

Ɗan Kwangila:
Au to, ai da ka faɗa tun farko.

Hajiya ta Hanwa:
Maƙwabcinmu cire batirin yake da daddare ya shiga da shi ɗaki, da safe ya mayar, kuma tana tashi masa.

Baban Yara Gyallesu:
Zan ga bakanikena ranar Asabar in sha Allahu, ni dai na fi zargin man da na sha a hanyar Kano. Amma nawa sabon batir yake yanzu a Sabon Gari? Tambaya kawai nake, ba wai na yarda shi ne ba.