Muhawara: Adon gilashi zai jure bangon tashar Kwangila kuwa?

Malam Sani: Ana cewa in aka manna ƙananan gilasai masu launi a bangon tashar mota irin ta Kwangila a Zariya, ba za su kai damina biyu ba. Ni na yarda. Gilashi ba ya shan ruwa, don haka kwaɓin siminti da yashi ba ya kama shi. Rana ta gasa, hunturu ya busar, sai ya riƙa zubowa ɗaya-ɗaya.

Hajiya Binta: Malam, ai laifin kwaɓin ne, ba na gilashi ba. Farin gam ɗin tayil mai haɗin folima (sinadarin da ke ƙara masa danƙo) ake sawa, domin mai ruwan toka yana dusashe launi ta baya. Filasta ta cika kwana 28 tukuna. A shafa gam da cokalin gini mai haƙoran milimita 4, a bar milimita 2 tsakanin gilasai, a jira awa 24 kafin a cike tsakanin. A tashar jirgin ƙasa ta Mayakobskaya da ke Mosko, tun 1938 irin wannan ado yake a rufi.

Malam Sani: Hajiya, wannan fa ƙarƙashin ƙasa ce, ba rana ba ƙura.

Injiniya Garba: Gaskiyarka a nan. Amma gilashi da kankare kusan daidai suke buɗewa in sun sha zafi. Abin da ke tsaga aiki a waje shi ne rashin barin layin motsi, wato ɗan gibin da ke ba adon damar buɗewa da tsukewa. Kowace mita 3 a bar shi, a cike da silikon. Sai iskar hunturu: cikin 'yan mintoci gam yake yin fata a sama, gilashin ya zauna kamar ya kama, alhali bai kama ba. A shafa kaɗan-kaɗan, a ɗaga guda a duba bayansa. Abin da ya fi damuna danshin da ke hawowa daga tushe da damina, yana turo farin gishiri. A fara adon daga tsayin ƙugu.

Malama Rabi: Ba za a yi da fasassun kwalabe ba, yadda Masaga, masu aikin gilashi na Bida, ke narka su?

Hajiya Binta: Ƙanwata, narkakke daban. Fasasshiyar kwalba a lanƙwashe take, bakinta kuma yana yanka, ga fasinjoji na jingina da bango. Sai an goge bakin. Madubi kuwa a bar shi, siminti na cinye azurfar bayansa ya yi baƙi.

Malam Sani: To wa zai riƙa wanke hayaƙin mota?

Injiniya Garba: Ruwa da sabulu da soso kawai, Malam. Kada asid ya taɓa shi, yana cinye cikon tsakanin.